Zuwa ga Babarbaren da Ya Dawo da Laimar Kwaɗi

Babarbare, ashe ka dawo. Ba daga bakinka na ji ba, don tun da ka taka ƙasar Faransa ka daina gaida iyayen gidanka. A tashar Difa aka tsegunta mini, wajen mai shayi, wai an ga mutumin Yebi ya sauko daga motar Yamai da jaka biyu da wani kwando saƙar Turawa rataye a hannu, yana tafe yana kakkare shi kamar mai ɗauke da ƙwai. Na ce alhamdu lillahi, bawana ya tuna da ubangidansa, tsarabata ce. Na tura yaro. Yaro ya dawo hannu rabbana, ya ce kwandon ba komai a ciki sai wata 'yar wuƙa mai buroshi a gindi, da littafi cike da hotunan laimar kwaɗi.

Wuƙar ba ta ba ni mamaki ba. Babarbare ko Makka ya je, da wuƙa zai dawo. Littafin ne ya hana ni barci.

Abin da na tattara a majalisa shi ne, kwana ashirin kacal furojen da kake wa aiki ya tura ka ƙaro sani kan ban-ruwa. Wata Asabar cikin watan Oktoba masu masaukinka suka kwashe ka zuwa dajin Fontenbulo, wajen kilomita 60 kudu da birnin Faris, suka ba ka takalmin roba da kwando, kuka wuni kuna duƙe-duƙe a gindin itatuwa. Tun ranar ba ka dawo hayyacinka ba. Ana ce maka ina gajiya, kana cewa shampinyo. Ana tambayar ka yaya sanyin can, kana cewa shampinyo. Ban-ruwan da aka biya maka kuɗin jirgi dominsa kuwa, har yau ba wanda ya ji ka ambace shi. Kai da ka tashi kana shure wannan shampinyo da ƙafa a bakin garka kana tofar da yawu, yau ita ce ka tsallake teku ka durƙusa mata. 'Yan boko sun yi mata kwaskwarima suna cewa naman kaza, ba tare da an shawarci kaza ba. Mu dai sunan da muka gada shi ne laimar kwaɗi, kuma duk wanda ya raɗa mata shi bai yi niyyar sa ta a miya ba.

Na yarda Faransawa ba da wasa suke abin ba. Kaka na kamawa, ruwa ya sauka kan ganyen da ya zube, sai ka ga likita da direba da tsohuwa mai dogara sanda duk sun bazama daji. Kowa da wurinsa, kuma mutum ya gwammace ya gaya maka abin da ke cikin asusunsa na banki da ya nuna maka gindin itacen da yake tsinta. A dazuzzukan gwamnati an yarda ka ɗebi abin da bai wuce lita 5 ba, na tukunyar gidanka. In ka zarce, 'yan gandun daji na iya cin ka tara. An ce kana lissafa wa yara sunayensu kamar mai biya karatu: sef mai ƙaton gindi da hula ruwan ƙasa, jirol mai launin ɗorawa da siffar mazurari. Har an ce ka ba su labarin wadda ke ɓuya cikin ƙasa, wadda ake farautarta da kare a Italiya, a Faransa kuma a da har da alade. A nan ne limamin unguwarku ya tashi ya kaɗe rigarsa.

Duk wannan ba laifi ba ne, kowa ya je baƙunta yakan dawo da surutu. Inda ka ɓata shi ne da ka ce bana, in damina ta zauna, za ka shiga kurmin bakin kogin Kumadugu ka cika kwandon nan, ka yi wa majalisa walima. To zauna in karanta maka abin da ke shafukan farko na littafinka, waɗanda ka tsallake don ba su da hoto.

Abin da kake yankewa ka jefa a kwando ɗa ne kawai, kamar yadda ƙwallon goruba yake ga bishiyarsa. Uwar tana ƙarƙashin ƙasa, zare-zare ne farare da suka fi gashi sirantaka, sun nannaɗe saiwar itace. Ita take jawo wa itacen ruwa da gishirin ƙasa daga inda saiwarsa ba ta kai ba, shi kuma ya biya ta da zaƙin da ganyensa ya haɗa da hasken rana. Shi ya sa har yau ba a noma sef yadda ake noma fararen nan na cikin gwangwani. Sai da itacenta, irin su wanda Faransawa ke kira shen. Zaman Bafulatani da Babarbare ke nan: mu kawo nono da taki, ku kawo gero. Bambancin kawai, itacen shen bai taɓa kai laimarsa ƙara gaban mai gari ba wai ta shigar masa gona.

Yanzu bi bakin kogin nan tun daga yankin Maine har Boso, ka nuna mini shen ƙwaya ɗaya. Kanya ce, da tsamiya, da giyayya inda ruwa ke kwanciya, da bagaruwa, sai goruba da ta fi kowa yawa. Itatuwa ne masu taurin gaske, ba wanda ya raina su wajen turmi da ƙota da azara, amma ba wata amana tsakaninsu da sef ko jirol. Ruwan sama a Difa, shekarar da aka gode Allah, wajen milimita 300 ne, ya zubo cikin wata biyu zuwa uku ya tafi abinsa. Kogin da kuke taƙama da shi ma na aro ne. Daga Haɗeja da Jama'are yake tahowa, bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun ɗebi rabonsu, ragowar ce kuke shayar da tattasai da ita kuna hura hanci.

In dangin jirol kake so, ai ba sai ka yi layin biza ba. Suna fitowa a dajin doka da kawo, irin na arewacin Benin, haka nan a dazuzzukan Zambiya da Tanzaniya, inda mata ke jera su kashi-kashi a bakin titi da damina. Yarbawa na ce wa laimar kwaɗi olu, suna miya da ita tun kaka da kakanni. Amma da Bayarabe ne ya miƙa maka a Legas, da ka ja tsaki ka ce ka ƙoshi. Sai da Bature ya soya maka da man shanu. Ka kuwa tsaya ka yi tunani, ko daɗin da ka ji ba na laimar ba ne, na man shanun ne? Abin da muke kawo muku har ƙofar gida kuna taya shi kamar kayan sata.

Akwai kuma ta suri, wadda ita ce ta fi burge ni, don tana ƙasƙantar da manoma. Ka san gara manomiya ce? Tana tauna ciyawa da busasshen ice, ta gina wani abu mai kama da saƙar zuma a ɗakunan cikin suri, ta shuka wannan halitta a kai, ta riƙa ci daga abin da ya nuna. Masana sun ƙiyasta ta yi shekara wajen miliyan 30 tana wannan noma, wato tun kafin kakanku na farko ya kafa jigo a bakin kogi. In ruwa ya sauka sai laimar ta ɓullo ta saman surin. A Zambiya akwai irinta da faɗin hularta kan kai mita guda, ƙwaya ɗaya ta ishi gida. Masana ba su rubuta sunanta a littafi ba sai a 1980, alhali mutanen wurin sun gaji da ci. A ƙasarmu ma Gurmawa na can yamma, wajen gandun dajin W, sun san ta suri suna ci. Sai dai wannan tafiyar fiye da kilomita 1,300 ce daga ƙofar gidanka, kuma na san ka, ba za ka yi ta ba tunda ba furoje ne zai biya ba.

Na san abin da ke bakinka. Za ka ce ai yawancin laimar da ake gani a nan kan kashin shanunmu take tsirowa. Gaskiya ne. Shi ya sa muka bar muku.

Bari in jingine sanda in yi maka magana tsakani da Allah, don in ka mutu ni ke da asara. Cikin littafin nan naka nemi shafin wadda Faransawa ke kira amanit, Turawan Ingila kuma suke ce mata hular mutuwa. Kyakkyawa ce, hularta kore-kore, ƙarƙashinta fari tas, gindinta cikin wata 'yar jaka, kuma a gindin shen ɗin nan take fitowa, kafaɗa da kafaɗa da masu daɗin. Kusan tara cikin goma na mutanen da laimar kwaɗi ke kashewa a duniya ita ce ke kashe su. Rabin hula ɗaya ya isa ya kai babban mutum kushewa. Dafuwa ba ta kashe dafinta, suya ba ta kashe shi, shanya ba ta kashe shi. Waɗanda suka ci suka tsira sun ce ɗanɗanonta ba laifi. Muguntarta ita ce haƙuri: ka ci da dare ka kwana lafiya, sai bayan awa shida zuwa ashirin da huɗu amai da gudawa su taso. Kwana guda ko biyu abin ya lafa, mutum ya tashi ya ce ya warke, a lokacin kuwa hanta ce ke lalacewa. Daga nan ido ya yi ɗorawa. Wanda Allah ya yi wa gyaɗar dogo sai a yi masa dashen hanta, kai kuwa ka san nisan da ke tsakanin Difa da inda ake wannan aiki.

Su kansu Faransawan, da littattafansu da kakanninsu da masu kantin magani da ake kai wa kwando su duba, kowace shekara fiye da mutum 1,000 ne laima ke kayarwa a ƙasarsu. Hukumar kula da lafiyar abinci ta can kullum tana jan kunne kada a dogara da manhajar waya, irin wadda aka ce kana haska wa duk abin da ya tsiro a bayan gidanka. Zancen a jefa cokalin azurfa a tukunya a ga ko zai yi baƙi, tatsuniya ce. Zancen tunda tsutsa ta ci ba dafi, shi ma tatsuniya ce.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai sanin wani daji da aka kai shi wani dajin. A watan Satumba na 2015 asibitocin Jamus sun karɓi 'yan gudun hijira da dama, yawancinsu mutanen Siriya, waɗanda suka tsinci hular mutuwa suna zaton irin wadda suka saba ci ce a gida. Ba jahilai ba ne, idonsu ne ya yi wa rogo kallon kitse. Kai ma abin da kake shirin yi ke nan, sai dai ka juya shi: ka ɗauko idon Fontenbulo na wuni ɗaya za ka shiga da shi kurmin Kumadugu. A ƙasashenmu masu zafi akwai wata fara babba da ke fitowa cikin ciyawa bayan ruwa, sak wata da Turawa ke ci suna santi. In ta manyanta ƙarƙashin hularta kan koma kore. Wannan ba kasafai take kisa ba, amma za ta sa ka kwana kana safa da marwa tsakanin ɗaki da bayan gida, har ka manta da Faransancin da ka koyo.

Abin da ya fi ba ni dariya, Babarbare, malamar da ka tafi nema tana cikin gidanka tana jan carbi. Hajiya mahaifiyarka, Allah ya ƙara mata lafiya, ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ka sake ta a daji da ƙwarya ka ga aiki. Ta san inda yaɗiya ke hawa, ta san tafasa da gasaya tun suna ganye biyu, ta san lokacin da ake shiga ruwa a ciro bado, ta san aduwar da ta nuna da wadda za ta ɓata ciki, ta san yadda ake raba ƙarangiya da ƙayarta a fitar da tsaba. A farin 1973 da na 1984, da wannan sani aka riƙe gidaje da yawa a ƙasar nan, har da wanda ka girma a ciki. Ka tambaye ta zancen anza. 'Ya'yan anza ɗaci gare su kamar maɗaci, kuma wanda ya ci su haka nan ya jawo wa kansa. Sai an ɓare, an jiƙa, ana zubar da ruwa ana sake wani kwana da kwanaki, ana ɗanɗanawa da bakin harshe, har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Wani ya fara gwada wannan, wani ya sha wuya a kai kafin a gane adadin kwanakin. Ilimin da Bafaranshe ke taƙama da shi a gindin shen, irinsa ne wannan, sai dai shi nasa na ranar hutu ne, nata na ranar da rumbu ya ƙare. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Yanzu ma a Damagaram masana'antar Sahara Sahel Foods tana sarrafa anzar nan tana zubawa a leda mai tambari. Ranar da ka gan ta a kanti a Faris, na tabbata za ka dawo kana faɗa mana sunanta ta hanci.

Rannan da na je gaishe ta na ja ta da wannan hira, sai ta yi shiru. Ta ce ita ba ɗakinta na Yebi take kewa ba, ɗaki ko'ina ana ginawa, dajin take kewa. A nan na rasa bakin zolaya. Kai ma ka san lissafin. Tun harin Fabrairun 2015 kan Boso da Difa aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana babur, aka tsayar da cinikin kifi da na tattasai. A watan Mayu na shekarar aka kwashe mutanen tsibiran tafki, da yawansu a garinku suka sauke kaya. Shekara na zagayowa, cikin Mayun 2016, aka afka wa Yebin kanta, ranar 3 ga Yuni aka afka wa Boso, jama'a suka zubo kan babbar hanya, Kijandi da Garin Wanzam suka cika. Inda dubban mutane suka sauka a fili ɗaya, itacen da ke kusa shi ke fara tafiya murhu, mata su riƙa nisa suna neman na gobe, kowane taku da fargaba. Yaran da aka haifa a bakin kwalta yau sun isa aike, kuma akwai cikinsu wanda bai taɓa ganin bado a ruwa ba. In da gaske kwandon nan na ƙaiƙayin hannunka, ka zaunar da 'ya'yanka gaban kakarsu da littafin rubutu, ta faɗa su rubuta, da Barbarci da Hausa, kowane ganye da inda yake fitowa da watan da ake cirarsa. Ranar da hanya ta buɗe sosai, ni zan ba da jakin da zai kai ta.

To, na ɗauki sandata. Kada ka ga na yi laushi ka zaci an yafe maka bashi. Watan cika-ciki ya wuce ba ka aiko da kuɗin shara ba, na bara ma ka ce sai ka sayar da tattasai, tattasai ya tafi Maiduguri ya dawo ya zama kwando. Kuma kada ka fara mini gardamar wa ke biyan wa. An gama wannan shari'a tun 1808, ranar da muka leƙa Birnin Gazargamu, can sama a bakin wannan kogin kusa da Gaidam, Mai Ahmadu ya bar mana gari. Na sani, Shehu Laminu ya zo daga baya, ba sai ka tuna mini ba. Mun fita ne don shanu ba sa son zaman birni. In kuwa ranka ya ɓaci, ka haɗiye, don tun 2014 hukumar Yunesko ta sa wasan taubasantakar Nijar cikin gadon al'adun duniya. Duk abin da na faɗa maka a nan kayan tarihi ne, hukuma ke gadinsa.

Zancen walima kuma ga sharaɗina. Ka dafa ranar Litinin, ka ci kai kaɗai, ban da Hajiya, ban da uwargida, ban da yara, ban da almajirin ƙofar gida. Ka ajiye ɗanya guda a gefe, don likita ya ga abin da zai rubuta. Kafin ka kai loma ka kira shaidu biyu ka faɗa musu buhunan tattasan da ke ɗaki nawa ne. Ni zan zo ranar Lahadi da fitila in buɗe idonka in duba. In fari ne, sai mu zauna in ji labarin Faransa tun daga farko, har da na ban-ruwan.

Ko da yake da wuya a kai ga haka. Yaron da na sake turawa jiya ya ce Hajiya ta riga ta yanke hukunci: ta jefa littafin a kan taga, ta ba mai yankan farce wuƙar, ta shimfiɗa ƙaiƙayi a kwandon ta ajiye bayan randa. Kazarta mai wake-wake ta shiga ta yi ƙwai bakwai, tana kwance a kai. In sun ƙyanƙyashe, biyu nawa ne a bakin kuɗin shara. Wannan naman kazar zan ci a ranar da aka dafa shi, ba sai na jira Lahadi ba.